Sunayen Tsibirai da Dabbobin Ruwa a Hausar Yankin Tafkin Kainji

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Hausa ba ta yi iyaka da teku ba, don haka ake zaton Hausa ba ta da wadatar kalmomin da suka shafi gaɓa da tsibiri da halittun ruwa. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa akwai su, musamman a bakin Kwara, yamma da Kontagora, da kuma bayyana barazanar da ke fuskantar su.

2.0 Yanayin Wurin

An kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968. Tafkin da ya samu ya haɗiye tsohon garin Bussa da mafi yawan tsibirin Foge, aka sake wa mutane kimanin 44,000 matsuguni. A 1979 aka haɗe dajin Borgu da na Zugurma, wanda ya fi kusa da Kontagora, suka zama gandun dabbobi na ƙasa. Da rani, lokacin da ciyawa ta bushe, dabbobi irin su gwanki da ɓauna kan sauko bakin ruwa. A kogin Oli kuwa akan ga dorina da kada, yayin da zalɓe da dinya ke kiwo a gaɓa.

3.0 Tsibiri da Gungu

Daidaitacciyar Hausa ta fi sanin kalmar tsibiri, amma a wajen Yawuri gungu ake cewa. Daga wannan kalma aka ƙirƙiri sunan Gungawa, wato mazauna tsibirai, ta hanyar ɗafa-ƙeyar -awa, kamar yadda ake samun Kanawa daga Kano. Su kuwa mutanen suna kiran kansu Reshe. Ke nan Bahaushe ya raɗa masu suna ne bisa mazauninsu, ba bisa harshensu ba. Yau da yawansu a tudu suke zaune. Sunan ya wanzu, abin da ya haife shi yana ƙarƙashin ruwa.

4.0 Hanyoyin Raɗa wa Dabbobin Ruwa Suna

Sunayen sun kasu gida biyu. Kashi na farko tilon kalmomi ne, kamar ayu da tsari da minjirya da kurungu da tarwaɗa. Kashi na biyu harɗaɗɗun sunaye ne, inda ake aro sunan dabbar tudu a jingina shi da ruwa:

(a) giwan ruwa
(b) ragon ruwa
(c) karen ruwa

Misali na (a) yana da muhimmanci ga nahawu. Giwa tamata ce, don haka da an bi ƙa'ida sai a ce giwar ruwa. Amma mahaɗin -n ya nuna cewa sunan ya bi jinsin kifi, wanda yake namiji. Wannan shaida ce cewa kalmar ta riga ta daskare, ta zama suna guda mai cin gashin kansa.

5.0 Barazanar Ɓacewa

Kalma tana rayuwa ne muddin ana ganin abin da take nufi. Ayu ya yi ƙaranci saboda farauta, har yaro kan ji labarin man ayu ba tare da ya san siffar dabbar ba. Ƙamusun Bargery (1934) da na Abraham (1949) kuwa an tattara su ne kafin a datse kogin, saboda haka ba za su nuna sauyin da ya biyo baya ba.

6.0 Kammalawa

An ga cewa Hausa tana da tsararriyar hanya ta raɗa wa halittun ruwa suna. Ya kamata manazarta harshe su kusanci tsofaffin Sarkawa da Gungawa, su naɗi waɗannan kalmomi da karin sautinsu da ma'anoninsu, tun masu riƙe da su suna raye.