Majami'ar Navrongo: ginin ƙasa da ya haura shekara ɗari

A arewacin ƙasar Gana, dab da iyakar Burkina Faso, akwai garin Navrongo na ƙabilar Kasena. A nan ne majami'ar Katolika mafi daɗewa a wannan yanki take, kuma da tubalin ƙasa aka gina ta.

A shekara ta 1906 ne limaman mishan da ake kira Fararen Ubanni suka iso Navrongo daga Wagadugu. Lokacin nan gwamnatin Faransa ta raba addini da mulki, ƴan mishan suna tsoron a kore su daga ƙasashen da take mallaka, shi ya sa suka nemi mazauni a yankin da Ingila ke riƙe da shi. Navrongo ƙauye ne a lokacin. Suka fara da ɗan ƙaramin ɗakin ibada. Da mabiya suka ƙaru, sai aka gina babbar majami'ar a shekara ta 1920, mutanen garin ne kuma suka kwaɓa ƙasa suka buga tubali.

Tsawon ginin ya kai wajen metir 60, faɗinsa wajen metir 14. A gabansa akwai hasumiyar ƙararrawa, a ciki kuma ginshiƙai sun jeru layi biyu suna ɗauke da rufin. Bangon duka na ƙasa ne, yaɓensa ma na ƙasa, rufin kuwa na kwano. Daɓen ƙasan an yi shi da tsakuwa da kashin shanu da ruwan ɓawon ɗorawa. Maginan Damagaram da Gobir sun san wannan ruwa sarai, shi ne makuba da mata ke zubawa in suna daɓe.

A cikin shekarun 1970, matan ƙauyen Sirigu suka ƙawata cikin majami'ar da irin zanen da suke yi wa gidajensu. Da ja da baƙi da fari, duk daga ƙasa da duwatsu, suka zana dabbobi da siffofin gargajiya tare da labaran Littafi Mai Tsarki.

A shekara ta 2000 gwamnatin Gana ta sa ginin cikin jerin wuraren da take neman hukumar Unesko ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. A 2006, shekara ɗari da zuwan mishan, Paparoma Benedikti na 16 ya ɗaga darajar majami'ar zuwa basilika.

Abokan gabar ginin ƙasa biyu ne: ruwan sama da gara. Abin da ya tsayar da wannan majami'a shi ne gyaran yaɓe da kula da rufi a kai a kai. Ya kamata shugabannin gundumomi da sarakunan gargajiya su duba wannan misali tun kafin damina ta kai tsoffin gidaje da masallatan ƙasa na Zinder da Agadez ƙasa.