Romon Ganda Da Ciwon Gaɓoɓin Karen Gadi: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Sani

Duk macen da ke sana'ar ganda ko farfesun ƙafar sa ta san abin da take tararwa da asuba a lokacin hunturu: romon da ya kwana a tukunya ya daskare, yana rawa idan an taɓa shi. To wannan daskararren abu shi Turawa ke kira jelatin, kuma shi ne ake busarwa a mai da shi gari, a sayar wa masu karnuka da tsada a matsayin taimako ga ciwon gaɓoɓi.

Mai karatu zai ce me ya haɗa ɗan kasuwa da ciwon kare? A garin Tanda da ke yankin Gaya cikin jihar Dosso, inda hanyoyin fatauci suka nufi Malanville ta ƙasar Benin da Kamba ta Nijeriya, kare ma'aikaci ne. Shi ke kwana a bakin sito da rumbu, shi ke tsaron garken tumaki da gonar rake, shi ke bin mafarauta daji. Ranar da ya tsufa ya fara ɗingishi, yana tashi da ƙyar da safe, ranar ce ɓarawo ke samun ƙofa. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba gaskiyar wannan magana kafin wani ya zuba kuɗinsa.

Jelatin dai yana fitowa ne daga wani sinadari mai suna kolajin, wanda ke cikin fata da jijiya da ƙashi da guringuntsi. Idan an daɗe ana tafasa su sai ya narke cikin ruwa. Guringuntsin da ke hana ƙasusuwa gogar juna a gaɓa shi ma akwai kolajin a cikinsa, daga nan tunanin ba kare jelatin ya samo asali.

A shekarar 2010 wasu masana a ƙasar Holan sun gwada abin. Sun riƙa ba wasu karnuka masu amosanin gaɓoɓi giram 10 na garin jelatin kullum har mako 8, masu karnukan kuma suka ce sun ga kuzari ya ƙaru, ɗingishi ya ragu. Sai dai karnukan ba su da yawa, kuma garin da aka ba su wanda aka sarrafa ne na musamman. Saboda haka taimako ne, ba waraka ba. Guringuntsin da ya riga ya cinye ba ya dawowa don an sha romo. Haka kuma jelatin ba cikakken abinci ba ne, bai isa ya maye gurbin nama ko kifi ba.

Ga masu sha'awar saro garin, akwai abin lura. Kaso mai yawa na jelatin da ake yi a duniya daga fatar alade yake, saura daga fatar shanu da ƙashi da kifi. Sai a karanta jikin kwali da kyau. Kada kuma a ba kare irin wanda aka haɗa domin kayan zaƙi, don wani abin zaƙi da ake sawa a madadin sukari, mai suna zailitol, yana kashe kare.

Mu a ganinmu, wanda ke kusa da mahauta ba ya buƙatar kwali. A sayi ƙafar sa ko guntayen fata mai tsafta, ban da wadda aka babbake da tayar mota. A tafasa da ruwa zalla na tsawon awoyi. Kada a sa gishiri ko magi ko barkono, balle albasa da tafarnuwa, waɗanda ke lalata jinin kare. Ke nan ragowar farfesun da aka yi wa mutane bai dace ba. A kwashe man da ya taso, a tsame ƙashi gaba ɗaya, domin dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. Sai a riƙa zuba 'yan cokula a kan tuwonsa. Da zafin ƙasarmu romo ba ya jimawa, a yi kaɗan, wanda ya canza wari a zubar.

Abin da ya fi romo tasiri shi ne nauyin jiki. A wani bincike da aka fitar a Amurka a 2002, an bi rayuwar karnuka 48, rabinsu ana rage musu kashi 25 cikin 100 na abinci. Waɗanda aka rage wa sun fi 'yan uwansu daɗewa da kusan shekara 2, ciwon gaɓoɓi kuma bai kama su da wuri ba. Karen da ke kwana kusa da masu tuwo da mahauta ya yi ƙiba, ƙafafunsa ne ke biyan bashin. A rage masa, a shimfiɗa masa buhu kada ya kwanta a kan siminti mai sanyi, a bar shi yana ɗan tafiya kullum.

Babban kuskuren da muke jan kunne a kansa shi ne ɗauko maganin mutane daga tiren mai talla. Ibuprofen da diclofenac suna yi wa kare gyambon ciki su lalata ƙoda, paracetamol kuma yana taɓa hanta. Akwai magungunan ciwo na karnuka, amma likitan dabbobi ne zai faɗi wanda ya dace da adadinsa.

Sannan ba kowane ɗingishi ne na tsufa ba. Wani ƙaya ce ko targaɗe, wani ciwon da kaska ke kawowa. Idan kuwa ƙafafun baya suka mutu farat ɗaya, kare yana dalalar da yawu, ya kasa haɗiya ko halinsa ya canza, to ana zargin ciwon hauka. Kada a sa hannu a bakinsa, a nisanta yara, a kira ma'aikatan kiwo. Wanda ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti a ranar, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira.

Dabbar da ta yi shekaru tana tsare mana dukiya tana da haƙƙi a kanmu idan ƙarfinta ya ƙare. Allah ya ba mu ikon saukewa, ya kuma sa albarka a kasuwa.