Boris ɗin Ƙafar Mota: Wanne Ake Gyarawa, Wanne Ake Sauyawa?

Motar da ta haura tan ɗaya, nauyinta duka a kan wasu 'yan ƙwallayen ƙarfe yake, waɗanda ba su fi gurjiya girma ba. Suna jere ne tsakanin zobba biyu a tsakiyar kowace ƙafa, su ne kuma kanikawa ke kira boris. Aikinsu rage gogayya, domin abin da ke mirginawa ya fi abin da ake ja a ƙasa sauƙin tafiya.

Idan ruwa ko rairayi ya gurɓata giris ɗin ciki, sai ƙarfen ya fara ɓamɓarewa. Alamar farko ita ce gurnani mai ƙaruwa da gudun mota, wanda ke sauya sauti a kan kwana saboda nauyi ya koma gefe ɗaya. In aka yi sakaci, boris na iya ɗaukar zafi ya cije, har ƙafa ta fita ana cikin tafiya.

To, mene ne abin yi? Amsar ta danganta da irin boris ɗin. Tsofaffin motoci da manyan motocin ɗaukar kaya da yawa suna amfani da mai 'yan sanduna masu tsukakken kai, wanda Henry Timken na Amurka ya yi wa rajista a 1898. Wannan ana kwance shi, a wanke, a duba. In babu tabo sai a cika shi da sabon giris, a daidaita noti. In kuwa ya ci, tilas a sauya shi tare da zobensa.

Nau'i na biyu a rufe yake zuwa daga masana'anta, ba a buɗe shi. Kuɗinsa da dama-dama, amma sai da injin matsi ake shigar da shi gurbinsa. A nan ne ake yawan ɓarna. Duk wanda ya buga shi da guduma, ko ya matsa zoben ciki maimakon na waje, ƙwallayen za su lotsa hanyar da suke bi, lotsawar da ido ba ya gani, sai sabon boris ya soma kuka tun bai daɗe ba. A motoci masu birkin ABS, wasu boris ɗin suna da zoben maganaɗisu a fuska ɗaya. In aka juya shi, na'urar ba za ta karanta gudun ƙafar ba.

Na uku haɗe yake da cibiyar ƙafar baki ɗaya. Ya fi tsada, sai dai ɗaure shi kawai ake yi, don haka kuskure kaɗan ne.

Saura na gwanjo, wanda arha ke jan mutane gare shi. Gajiyar ƙarfe daga ƙarƙashin fatarsa take somawa, saboda haka boris na iya juyawa sumul a hannu alhali ya kusa ƙarewa, domin hannu ba ya ɗora masa nauyin mota.