Koyarwa da Harsuna Biyu: Abin da Tarihin Makarantun Mishan Yake Nuna wa Sabon Gida da Kewayenta

1. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda makarantun Kirista na ƙasar Nijar suka fuskanci matsalar harshen koyarwa, domin a ga abin da zai amfani masu tsara karatu a Sabon Gida da sauran ƙauyukan gundumomin Madawa, Buza da Keita. Akasarin mutanen yankin Hausawa ne Musulmi manoma, akwai kuma Buzaye da Fulani a tsakaninsu. Yaro yakan shiga lakwal bai san kalma ɗaya ta Faransanci ba.

2. Tarihi a taƙaice

Ƙungiyar mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, daga baya ta zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, sannan ta buɗe asibitin Galmi, yamma da Madawa, a 1950. Masu aikinta Ingilishi ne harshensu, Hausa kuwa daga Nijeriya suka zo da littattafanta. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, saboda haka da Hausar boko suka riƙa koya wa mabiyansu karatu.

Amma dokar Faransa ta 14 ga Fabrairu 1922 ta wajabta a ba da ilmin makaranta da Faransanci kaɗai, harsunan ƙasa sai wajen ibada. Sakamakon haka aka sami mutane masu karanta Hausa sarai, amma ba su da takardar shaidar da za ta ba su aikin gwamnati. Ɗan lakwal kuma ya sami takarda, amma bai iya rubuta harshen uwarsa ba. Kowane ɓangare ya riƙe rabin abin da ake bukata. Sai daga baya makarantar firamare ta Tsibiri ta bi tsarin gwamnati na Faransanci.

Gwamnati ta ɗauki nata matakin bayan taron Bamako na 1966 kan ƙa'idojin rubutu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko ta Hausa da Faransanci a Damagaram, dokar ilmi ta 1998 kuma ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. A watan Maris na 2025 aka mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki.

3. Matsaloli uku

Ta farko ita ce karin harshe. Littattafan mishan Hausar Kano suka bi, alhali ɗan Adar "hwari" yake cewa a maimakon "fari", "biyat" a maimakon "biyar". In malami ya ɗauki wannan a matsayin kuskure, yaro zai yi zaton Hausar gidansu ba Hausa ba ce. Abin da ya kamata shi ne a nuna masa bambancin furuci da rubutu.

Ta biyu ita ce ƴaƴan Buzaye da Fulani. Hausa a wurinsu harshen kasuwa ce, ba harshen uwa ba. In an sa su ajin Hausa da Faransanci, harsuna biyu baƙi aka ɗora musu. Wajibi ne a ƙidaya harsunan da yara ke yi a gida tun kafin a buɗe aji.

Ta uku ita ce amincewar iyaye. Manomin albasa a Sabon Gida yana so ɗansa ya iya lissafi da rubuta wasiƙa, yana kuma so ya sami takarda. In ya ga Hausa kaɗai ake koyarwa, sai ya ce an rage wa ɗansa rabo. In kuma ya ɗauka karatun boko hanya ce ta sauya addini, sai ya janye shi. Don haka a raba darasin addini da na karatu a fili, a kuma bayyana wa iyaye tsarin tun farko.

4. Kammalawa

Tarihin nan ya nuna harshe ɗaya bai isa ba. A fara karatu da lissafi da harshen da yaro ya sani, a shigo da na biyu da baki tukuna, sannan a rubuce. Amma tsarin ba zai tsaya ba sai da malamai da aka horar kan ƙa'idojin rubutun Hausa, da littattafan da yaro zai ci gaba da karantawa bayan ya bar aji.