Sandar Guragu Ma Sai Da Awo

Hatsarin babur, faɗuwa daga bene da ciwon gwiwa na tsufa ne ke kai jama'a da dama Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959. Bayan tiyata ko ɗori, da yawansu da sanda suke komawa gida. A nan ne kuma ake sakaci. Dangi kan ari ta maƙwabci, ko su sa kafinta ya ƙera, ba tare da an auna tsawon majinyacin ba.

Sandar hammata tana da ƙa'ida. Idan mutum ya miƙe tsaye, tsakanin hammatarsa da kan sandar ya kamata a sami tazarar yatsu biyu zuwa uku, mariƙinta kuma ya yi daidai da wuyan hannu, yadda gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe. Tafin hannu ne ke ɗaukar nauyi. Akwai jijiyoyi da ke ratsa hammata su gangara zuwa yatsu, kuma idan majinyaci ya saba rataye jikinsa a kan sandar, ɗaya daga cikinsu na iya dannuwa har wuyan hannu ya saki, ya kasa ɗaguwa. Abin takaici ne a ce mutum ya zo da karayar ƙafa ya koma da shanyewar hannu, alhali bayanin minti kaɗan daga ma'aikacin gashin ƙashi zai hana hakan.

Dattawa masu dogara sanda guda su ma suna da nasu kuskuren, wato riƙe ta ta ɓangaren ƙafar da ke ciwo. Daidai shi ne a riƙe ta da ɗaya hannun, ta riƙa tafiya tare da ƙafar mai ciwo, domin hakan ne ke rage wa ƙugu nauyi. Wajen hawa matakala lafiyayyar ƙafa ce ke fara takawa, wajen sauka kuwa sanda da mai ciwon ke yin gaba.

Sai robar da ke gindin sanda, wadda kusan babu mai dubawa. Tana cinyewa kamar tayar mota, kuma gidajenmu da masallatai da yawa yanzu tayil ne, ga ruwan alwala a ƙasa. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma idan ta sulɓe, ƙashin da ya fara haɗewa na iya sake karyewa. A ganina, kamata ya yi asibitoci su riƙa duba ta duk ranar da majinyaci ya dawo ganin likita.