Hoton da Ake Ci a Kan Kek

Mai karatu, wataƙila ka taɓa ganin kek ɗin biki ɗauke da hoton ango da amarya, aka yanka aka cinye har da hoton. Asirin shi ne, takardar da tawadar duk abinci ne. Ana yin takardar da sitacin dankalin Turawa ko da sukari, tawadar kuwa rinin abinci ne kala huɗu, wanda injin buga hoto ke fesawa ɗigo-ɗigo.

Sitaci da sukari masu shan laima ne. Da damina a Isa ko Sabon Birni takardar kan jiƙe, hoton ya dame. Da hunturu kuma ta bushe ta tsattsage. Don haka ake adana ta cikin leda a rufe, sai kek ya huce a shimfiɗa ta.

Babban haɗarin yana wajen tawada. Ta injin ofis ba a yi ta don ci ba, kuma injin da ya taɓa shan ta bai dace da wannan aiki ba. Ko rinin abincin ma, binciken Jami'ar Southampton ta Ingila a 2007 ya danganta wasunsu, kamar tartrazine, da rashin natsuwar yara. Saboda haka a duba lambar NAFDAC kafin a saya.