Gargaɗi: A Yi Hattara da Injin Haɗe-haɗe a Gadarif

Jama'ar Gadarif, musamman direbobin boksi (a-kori-kura), masu lori, da manoman da ke shirin kwasar riɗi da dawa, ku saurara. Kada kowa ya ƙirga kuɗin inji a kwanakin nan sai ya san abin da ke cikinsa. Akwai injunan da ake wankewa da fetur, a fesa musu fenti, a ce da mai saye ba a taɓa kwance su ba, alhali ragowar matattun injuna biyu ko uku ne aka tattara wuri guda. Irin wannan inji yana cin dukiya, yana kuma iya cin rai.

Kowa ya san mafarin abin. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, kayan gyaran da ke zuwa daga Khartum suka yanke. Madani ta faɗi a Disamba na shekarar, sai ya zama dole kaya su zagayo ta Port Sudan da Kasala, ko su shigo daga Habasha ta Gallabat. Sojoji sun karɓe Madani da Khartum a farkon 2025, amma kuɗin ƙasa bai farfaɗo ba, tsada na nan daram. Mai mota ya matsu, bakanike ma ya matsu.

Ba ina zargin sana'ar kanikanci ba ne. Ustocin Sudan, wato ƙwararrun kanikawa, su ne suka ɗauki lorin Bedford ta Ingila suka sake mata ƙira ta zama Sifinja, ta ci gaba da dakon buhuna shekaru da yawa bayan kamfanin ya bar harkar manyan motoci a shekarun 1980. Waɗancan suna aiki da awo, kuma mai mota ya san abin da aka sa masa. Abin da nake jin tsoro shi ne haɗin gambizar da ake yi da ido kawai, a kuma ɓoye wa mai saye.

Ɗauki injunan dizal na Toyota da ke cikin boksi da Hiace: 2L, 3L da 5L. Gida ɗaya suka fito, daga waje kusan ba ka bambance su, ƙusoshin wannan ma sukan shiga ramin wancan. To amma faɗin silindar 2L milimita 92 ne, na 3L 96, na 5L kuwa 99.5. Idan aka ɗora gasket ɗin ƙaramin a kan babban, bakinsa zai leƙa cikin wuta, ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Waɗannan injuna suna matse iska kusan ninki 22, tazarar da ke tsakanin fistan da kan inji kuma 'yar mitsitsiya ce. Shi ya sa gasket ɗinsu ke da kauri iri-iri, kuma sai an auna tasowar fistan da agogon awo kafin a zaɓa. Bakaniken da ba shi da wannan agogo caca yake yi da motarka. Haka famfon mai: idan ba na injin ba ne, kuma ba a saita shi ba, zai riƙa ɗura dizal fiye da ƙima, hayaƙi ya yi baƙi ƙirin, zafi ya tashi, kan inji ya tsage. Ga shi a garinmu zafi yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, lagireton kuma wataƙila na ƙaramin inji ne.

Wannan duka asarar kuɗi ce. Maganar birki ita ce ta rai. Injin dizal ba ya zuƙe wa birki iska da kansa kamar na fetur, sai da ɗan famfo na musamman, wanda a irin waɗannan injuna yake manne a bayan altaneta. In aka cire injin fetur aka dasa na dizal, ko aka sa altanetar wata mota marar famfon, birki zai yi tauri. A cikin gari, mota ba kaya, direba zai iya lallaɓawa. Ranar da ya ɗora buhunan dawa, leburori suka hau sama, ya miƙi hanyar Doka ko ta Fao, garken shanu ya tsallako titi, a nan zai taka ya ji kamar dutse. Gwajin ba wuya: inji a kashe, ka taka birki sau biyar har ya yi tauri, ka riƙe, ka tayar da mota. In feda ta ɗan nutse, lafiya. In ba ta motsa ba, kada ka ɗauki ko da mutum ɗaya.

Masu liƙa tsohuwar turbo a injin da ba a ƙera shi dominta ba, ku ma ku ji. In ta fara yoyo, baƙin mai yakan bi hanyar iska ya shiga silinda, inji ya kama cin man jikinsa yana ƙara gudu da ruri, ko an zare makulli ba zai mutu ba. In haka ta faru, direba ya taka birki, ya sa babbar giya, ya saki kuloci. Kada yaron mota ya toshe bakin iska da hannu ko tsumma. Sauran jama'a su ja baya.

Sai lambar inji. An wawashe motoci masu ɗimbin yawa a Khartum da Jazira, wasu an farfasa su an sayar gunduwa-gunduwa. Injin da aka goge lambarsa, ko ba ta dace da takardu ba, a bar shi komai arharsa. Haƙƙin wani ne, kuma kai za a riƙe a shingen bincike, mai sayarwa yana gida.

Ya ku ustoci, ku ji tsoron Allah, ku gaya wa mai mota gaskiya: gangar jikin ta wane inji ce, kan na wane ne, famfon daga ina. Ku rubuta masa a takarda. Mai saye kuma ya zo da nasa bakaniken, a tayar da injin da sanyin safiya a gabansa, a duba hayaƙi, a buɗe murfin mai a ga ko ya yi fari-fari. Riɗi in ya bushe ba ya jiran gyaran mota, zubewa yake yi. Wanda zai duba motarsa ya duba ta a wannan mako, kuma wanda ya karanta ya isar wa 'yan uwa a tasha, da gareji, da masallaci.